Ƙidayar Haihuwa a Zariya: Farfesa Kelsey Harrison da Abokan Aikinsa

Hausawa kan ce haihuwa yaƙin mata, kuma addu'ar da akan yi wa mai juna biyu, watau Allah ya raba lafiya, ta isa ta nuna an daɗe da sanin ba kullum ake rabuwa lafiya ba. Sai dai kowane yaƙi idan an komo gida akan ƙirga waɗanda suka faɗi, a san a wane fage aka ci su, da kuma makamin da ya ci su. Wannan yaƙi na mata kuwa an yi ta yinsa zamani bayan zamani ba mai ƙirgawa. Idan mace ta rasu a kan gwiwa sai a ce kwana ya ƙare, a yi mata kyakkyawan zato, a nemi mai shayar da jinjirin in ya rayu. Wannan maƙala za ta bi tarihin wani babban yunƙuri da aka yi a ƙasar Hausa domin a ƙirga, watau binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979. Za a duba mutanen da suka kama masa, da inda aikin ya kai, da kuma inda ya gaza.

Daga Abonnema zuwa Tudun Wada

An haifi Kelsey Harrison a 1933 a garin Abonnema na ƙasar Kalabari, cikin fadamun bakin teku na Jihar Ribas ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, makarantar da Chinua Achebe ya yi, sa'an nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Badun, ya ƙarasa koyon likita a Landan a 1958. Da ya komo sai ya shiga sashen kula da masu ciki da cututtukan mata a Badun, ƙarƙashin Farfesa John Lawson, Baturen Ingila wanda littafinsa na 1967, da ya tsara tare da David Stewart, ya zama abin karatun likitocin haihuwa a ƙasashe masu zafi.

Matsalar da ya fara kamawa a can ita ce ƙarancin jini mai tsanani ga masu ciki. Mace kan zo asibiti cikinta ya tsufa, jininta ya tsinke ya zama kamar ruwa saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jini, zuciyarta kuma ta gaji. Maganin da ke a fili shi ne ƙarin jini, amma fa idan aka ƙara mata kai tsaye sai kaya su yi wa zuciyar yawa, ruwa ya cika huhu, ta mutu a hannun masu son cetonta. Likitocin Badun, Fullerton da Turner, sun fito da wata dabara a 1962 ta musanyen jini, ana zuƙe nata ta wannan jijiya ana ɗura sabo ta waccan. Dabarar ta ceci rayuka, amma tana cin jini da yawa da ma'aikata ƙwararru, abubuwan da ƙaramin asibiti ba shi da su. Harrison ya yi shekaru yana auna yawan jinin da ke jikin irin waɗannan mata, daga nan shi da Ajabor da Lawson suka nuna a mujallar Lancet a 1971 cewa idan aka tace jinin aka bar ƙwayoyinsa kawai, aka haɗa da wani maganin sa fitsari mai saurin aiki, to, za a iya ƙara wa mace jini jikinta yana zubar da ruwan da ya yi yawa. Abin lura a nan shi ne irin tambayar da ya saba yi tun yana matashin malami: me za a iya yi a asibitin da ba shi da komai?

Ya zo Zariya a 1972 a matsayin shehun malami kuma shugaban sashe. A lokacin jami'ar tana da shekara goma da kafuwa, tsangayar koyon likita kuwa shekara biyar, kuma mataimakin shugaban jami'ar, Farfesa Ishaya Audu, shi kansa likitan yara ne. Tsohon asibitin Tudun Wada ba wani gini ne na a zo a gani ba, amma mutanen da suka taru a cikinsa a waɗannan shekaru sun sa sunan Zariya ya shiga littattafan likitanci na duniya. Eldryd Parry da Neil Davidson suna bin diddigin ciwon zuciya da ke kama masu jego, inda suka danganta yawansa a ƙasar Zazzau da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Brian Greenwood yana fama da sanƙarau, David Warrell yana nazarin saran kububuwa, Alan Fleming kuwa, wanda Harrison ya sani tun a Badun, yana riƙe da sashen nazarin jini. A ɗakin mata ga Dakta Una Lister, wadda ta daɗe tana yi wa masu yoyon fitsari aiki. Duk wanda yake son ya gane yadda binciken haihuwa ya yiwu, dole ya fara da wannan taro, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haihuwa 22,774

Tsarin aikin ba shi da wuyar faɗi. Daga farkon 1976 har zuwa tsakiyar 1979, duk haihuwar da ta biyo ta hannun asibitin sai an rubuta ta, ba tsallake: shekarun uwa, tsawonta, haihuwa ta nawa ce, ƙabilarta da addininta, ko ta yi makaranta, ko ta yi awo, abin da ya same ta, yadda aka karɓi haihuwar, nauyin jinjiri, wa ya rayu, wa ya mutu. Wuyar tana wajen cikawa. Wanda ya san ɗakin haihuwa da ƙarfe uku na dare, ga mai jijjiga an kawo a bayan a-kori-kura, ga wata jini ya ɓalle mata, ga wuta an ɗauke, ya san cewa cika takarda shi ne abin da ake fara mantawa da shi. Shekara uku da rabi aka yi ana cika ta. Wannan aiki ne na ungozomomin asibiti da ƙananan likitoci da akawuna, mutanen da ba a saba sa sunayensu a saman maƙala ba, ko da yake a kan rubutun hannunsu komai ya tsaya.

Da aka gama, an sami haihuwa 22,774, mata 238 kuma suka rasu. Watau wajen mace ɗaya ke nan cikin kowace ɗari. Wannan adadi kaɗai ya isa tashin hankali, amma abin da ya fi shi muhimmanci shi ne yadda ya rabu. Kimanin kashi biyu cikin uku na matan sun yi rajistar awo tun da ciki, cikinsu 19 suka rasu. Sauran kashi ɗayan, waɗanda asibitin bai taɓa gani ba sai ranar da aka kawo su ranga-ranga, su ne suka ba da gawa 219. Gari ɗaya, asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, amma haɗarin da ke kan waɗannan ya ninka na waɗancan fiye da sau ashirin. Abubuwan da suka yi kisan kuwa sanannu ne: jijjiga, zubar jini, doguwar naƙuda da fashewar mahaifa, ruɓewar ciki bayan haihuwa, da ƙarancin jini. Ba ɗaya daga cikinsu da likitanci bai san maganinsa ba tun kafin 1976. Haɗarin ya fi taruwa a gefe biyu, ga 'yan mata masu cikin fari da ba su wuce shekara 15 ba, da kuma matan da suka manyanta bayan haihuwa da yawa.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin an sha ɗaukar waɗannan alƙaluma a yi musu fassarar da ta wuce ƙarfinsu. Ba awo kaɗai ne ya raba 19 da 219 ba. Matar da ba ta yi awo ba, idan naƙuda ta zo mata da sauƙi, a ɗakinta take haihuwa, asibiti ba ya ganinta, takarda ba ta san da ita ba. Wadda ake ɗaukowa ita ce wadda ta kwana biyu ko uku a durƙushe, an yi rubutu an yi turare an gaji. Ashe ke nan rukunin marasa awo tun daga ƙofa tatattu ne, mafi wahala daga cikin masu wahala. Haka kuma wadda ta mutu a ƙauye ko a hanya ba ta shiga lissafi ba sam. Saboda haka binciken hoton asibiti ne, ba hoton ƙasar Zazzau ba. Abin da ya tabbatar, wanda ba a iya musunsa, shi ne cewa mace 'yar Nijeriya mai lafiya, idan aka kula da cikinta kuma ta haihu a hannun ƙwararru, haɗarin da ke kanta kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya rushe zaton da wasu suke da shi cewa mutuwar haihuwa wata aba ce da ke cikin halittar baƙar fata ko yanayin ƙasar zafi.

Da Harrison ya tambayi kansa me ya raba waɗanda suka zo awo da waɗanda ba su zo ba, amsar da ya samu ita ce makaranta. Matan da suka yi karatun zamani, ko da na firamare ne, sun fi zuwa awo, sun fi jinkirta cikin fari, kuma mutuwa ta yi ƙaranci a cikinsu. Tun daga nan ya riƙe magana guda bai sake ta ba, cewa ilmin boko ga kowace yarinya shi ne tushen maganin, har ya maimaita ta a Lancet a 1997. Dacewa ce mai ban sha'awa cewa shekarar da aka fara ƙidayar, 1976, ita ce shekarar da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Amma maganar tana bukatar gyara kaɗan. A Zariyar wancan zamani, matar da ta yi boko galibi ita ce mazauniyar Sabon Gari ko Samaru ko Tudun Wada, mijinta mai albashi, gidansu kusa da kwalta. Ilmi da arziki da kusanci da asibiti tafiya ɗaya suke yi, kuma ƙidayar asibiti ba ta iya warware su sarai. Ban da haka, kalmar ilmi a bakin likita tana nufin boko ne, alhali matar da ta sauke Alƙur'ani a cikin birni ba za ta yarda a kira ta jahila ba, kuma tana da gaskiya.

Yarinya mai girma da ciki

Sashen da ya fi kowane nuna amfanin haɗin gwiwa shi ne wanda aka yi da Fleming. An ɗauki Hausawa 200 masu cikin fari aka kasa su gida biyar. Wasu ba a ba su magani mai aiki ba, sauran aka ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wasu da ƙarin sinadarin ƙarfe, wasu da folik asid, wasu da duka biyun, ba tare da matar ko likitan da ke duba ta sun san abin da ke cikin ƙwayar ba. Manufar farko ita ce a san abin da ke hana ƙarancin jini, kuma an gano cewa kashe zazzaɓi shi ne kan gaba. Sai dai da yake ana auna tsawon matan a farkon ciki da ƙarshensa, wani abu ya ɓullo wanda ba shi aka fita nema ba: da yawa daga cikin ƙananan 'yan matan sun ƙara tsawo suna ɗauke da ciki, kuma waɗanda suka sami magungunan sun fi ƙaruwa, sun kuma fi tsira daga fiɗa saboda ƙanƙantar ƙugu.

Ma'anar wannan tana da nauyi. Yarinya mai shekara 14 jikinta bai gama ginuwa ba, ƙashin ƙugunta kuwa yana cikin na ƙarshe wajen buɗewa, ga shi ita da ɗan tayin suna rabon abinci ɗaya, zazzaɓi yana cin nasa rabo. Idan kan jinjiri ya fi ƙofa sai naƙuda ta tsaya. Kan ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana da kwanaki har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar kafa, fitsari ya riƙa bi ba tsayawa. Wannan shi ne yoyon fitsari. Likitan haihuwa shi kaɗai da ba zai ga wannan sarƙa daga sauro zuwa ƙugu ba, masanin jini shi kaɗai ma haka. Sai da Harrison da Fleming da Nimi Briggs da masanin lissafi Charles Rossiter suka haɗa kai.

A kan yoyon fitsarin ma Zariya ta ba da ayyuka biyu da ake ambato har yanzu. Margaret Murphy ta buga nazarinta a 1981 a kan halin da matan ke shiga, yadda aure kan mutu, mace ta koma gidan iyaye, a ware mata kwano da tabarma. Farhang Tahzib kuma a 1983 ya bi bayanan mata 1,443 da aka gani a asibitin daga 1969 zuwa 1980, ya sami cewa fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin kashi 13 kuwa yankan gishiri ne. Ta wannan hanya kalmar gishiri ta shiga Turancin likitoci yadda take, ba fassara. Abin takaici ga mai nazarin harshe shi ne ta shiga da rabin ma'anarta. A wurin Bahaushe gishiri sunan wata cuta ce da ake jin tana toshe gaban mace, yankan da wanzami ko ungozoma ke yi kuwa magani ne a ganinsu. Wanda ya ɗauka zalunci ne kawai ba zai san yadda zai yi wa uwar yarinya magana ba. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi a shekarun 1970 yana nazarin magungunan Hausawa, yana cikin waɗanda suka cike wannan giɓi. Ya yi bayanin kunyar cikin fari da ke sa yarinya ta ɓoye naƙuda, da yadda fita asibiti ke jiran izinin maigida. Daga baya ya koma makaranta ya zama likitan mata, kuma da ƙoƙarinsa aka buɗe asibitin yoyon fitsari na Danja, kusa da Maraɗi, a 2012.

Daga Zariya zuwa Nairobi

Harrison ya bar Zariya a 1981 ya koma Jami'ar Fatakwal, tulin bayanan kuwa ba a gama tace su ba. A wancan zamani sarrafa bayanan haihuwa dubu ashirin da biyu aiki ne na babbar kwamfuta da ƙwararren mai lissafi, shi ya sa aikin ya bi ta cibiyar binciken likitanci da ke Harrow a gefen Landan, inda Rossiter yake. A can ne kuma Frank Hytten yake, masanin yadda jikin mace ke sauyawa da ciki, wanda yake editan British Journal of Obstetrics and Gynaecology. A watan Oktoba na 1985 mujallar ta fitar da binciken a kundi na musamman mai shafi 119. Babi-babi aka tsara shi, kuma a kan wasu babobin ana ganin sunayen Rossiter da Lister da Briggs da Ekwempu da wasunsu tare da na Harrison. Ana iya cewa shekara shida tsakanin rufe ƙidaya da bugawa ta yi yawa, kuma dogaro da Harrow ya nuna inda ƙarfin jami'o'in Nijeriya ya tsaya a lokacin.

Amma jinkirin ya zo da sa'a. A cikin wannan shekara ta 1985 Allan Rosenfield da Deborah Maine na Jami'ar Kolambiya suka buga wata maƙala a Lancet suna tuhumar shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro da cewa yaron kawai suke kallo, sun manta da uwar. A watan Nuwamba Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Janeba a kan mutuwar masu haihuwa, aka fara yaɗa ƙiyasin cewa mata rabin miliyan ke mutuwa kowace shekara. A watan Fabrairu na 1987 hukumar, tare da Bankin Duniya da asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, suka yi taron Nairobi inda aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya. Zai zama ƙari a ce binciken Zariya ne ya haifi taron Nairobi, domin ƙoramu da yawa ne suka haɗu, daga Masar da Bangaladash da Jamaika da wasu wurare. Abin da za a iya faɗi da gaskiya shi ne, a lokacin da masu wannan kira suke neman hujja daga Afirka ta kudu da Sahara, kaɗan ne suka kai na Zariya girma da tsari, shi ya sa aka yi ta kafa hujja da shi.

Tasirin malami kuma ba a takarda kaɗai ake aunawa ba. Nimi Briggs, wanda ya taso a hannunsa a Zariya, ya ci gaba da kiran a ilmantar da mata, ya kuma riƙe shugabancin Jami'ar Fatakwal bayan Harrison ya riƙe shi daga 1989 zuwa 1992. Ekwempu ya zauna a Zariya, yana cikin rukunin da ya yi aiki da Maine a ƙarƙashin shirin hana mutuwar masu haihuwa a Afirka ta Yamma, shirin da ya haɗa da wani rukuni a Sakkwato. Daga wannan da'ira ne Sereen Thaddeus da Maine suka fito da bayanin jinkiri uku a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk wanda ya karanta labarin matan nan 219 zai gane su a cikin wannan bayani. A Katsina kuma likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta a Babbar Ruga a farkon shekarun 1980, ya juya ga ɗinkin yoyon fitsari, ya yi wa dubban mata aiki, ya horar da likitoci da yawa. A 2001 aka buga sabon littafi a kan kula da masu haihuwa a ƙasashe masu tasowa, wanda ke ɗauke da sunayen Harrison da tsohon malaminsa Lawson da Staffan Bergström na Suwidin a matsayin masu tsara shi.

Rigimar ungozoma

Akwai wurin da Harrison ya saɓa wa manyan hukumomi, kuma wurin ya shafi ma'anar kalma. A shekarun 1970 da 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya da masu ba da agaji sun zuba kuɗi wajen horar da ungozomomin gargajiya, a ba tsohuwa akwati da reza da sabulu, a koya mata tsabta, bisa tunanin cewa tun da asibiti ya yi nisa gara a gyara abin da ke hannu. Harrison ya ƙi wannan tun 1980, yana ganin hanya ce ta ba talaka abin da mai hali ba zai karɓa wa matarsa ba, kuma reza mai tsabta ba ta buɗe ƙugun da ya ƙi buɗuwa, ba ta mayar da jinin da ya zuba. Bai sauya ba, domin a 2011 ma mujallar likitocin Birtaniya ta gwabza shi da Dakta Joseph Ana a kan wannan batu, Ana yana cewa suna da amfani, shi yana cewa a'a.

A ƙasar Hausa maganarsa tana da wani ƙarfi na daban wanda masu shirin ba su lura da shi ba. Sun fassara ungozoma da mai karɓar haihuwa, alhali a al'ada sau da yawa mace ita kaɗai take durƙusawa, ko da wata tsohuwar gida a kusa. Sai jinjiri ya faɗo ake aika wa ungozoma ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka, ta tsaya a kan hidimar jego har suna. Wadda aka horar domin ta gane naƙuda mai haɗari, sau da yawa ba ta ɗakin a lokacin naƙudar. A taron Kolambo na 1997 hukumomin sun juya, suka mai da hankali ga samar da ƙwararriyar ma'aikaciya a kowace haihuwa. Duk da haka ba za a ce Ana bai da hujja ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a arewa maso yamma haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin biyar ba, kuma tsohuwar da mata suka yarda da ita tana iya zama wadda za ta ce a nemo mota. Harrison ya yi daidai a kan abin da ungozoma ba za ta iya ba, amma bai ba da amsa mai gamsarwa ba a kan abin da za a yi a ƙauye kafin ƙwararriyar ta iso.

Abin da ya biyo baya a Zariya kanta ya gwada maganarsa ta wata fuska. Da kuɗin mai ya faɗi, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, asibitocin gwamnati suka koma karɓar kuɗi, har ya zama sai dangi sun sayo safar hannu da zare da ruwan ƙari kafin a shiga da mace tiyata. Ekwempu da Maine da abokan aikinsu sun ba da rahoto a Lancet a 1990 cewa tsakanin 1983 da 1988 haihuwa a asibitin ta ragu kusan rabi, mace-macen masu haihuwa kuma suka ƙaru. Matan ba su manta da karatun da suka yi ba a cikin shekara biyar, kuɗi ne ya gagara. Harrison da kansa ya zama cikin masu sukar wannan tsari da kakkausar murya, kuma a rubuce-rubucensa na baya talauci da rashin adalcin mulki sun zauna kafaɗa da kafaɗa da rashin ilmi.

An ba shi lambar girma ta ƙasa ta masana a 1989. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a 2006, ya kuma tattara muhimman maƙalunsa a littafi guda a 2010. Asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005. Ƙiyasin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi wa shekarar 2020 ya ce mata wajen 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka, watau 1,047 cikin kowace haihuwa 100,000. Ba a gwama adadin asibiti da na ƙasa kai tsaye, saboda dalilan da aka ambata a baya, amma idan aka mai da mata 238 na Zariya kan wannan ma'auni, abin da ke fitowa shi ne kimanin 1,045.